Ba Laifi, In Ji Baba

Masu gadin cibiyar binciken noma ne suka raɗa wa Farfesa suna Lafiya Lau, kuma ba su zalunce shi ba. Dogon dattijo ne, ya zo daga wata ƙasa mai nisa inda ƙanƙara ke rufe gonaki kusan rabin shekara, Hausarsa kuma a waya ya koye ta kafin ya hau jirgi. Ka ce masa ina kwana, lafiya lau. Ka ce masa sannu da zuwa, lafiya lau. Ranar da direba ya gaya masa taya ta yi faci ma lafiya lau ya ce, bakinsa har kunne. Amma mutum ne mai son mutane, in kuwa aka zo batun wake, kowa shiru yake yi ya saurare shi.

Dakta ta fi kowa sanin haka. Shekara da shekaru suna aiki tare ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba sai wannan zuwan. Ita tana ɗakin raga a bayan cibiyar, a durƙushe gaban tukwanen shuka, tana buɗe furen wake da ɗan hantsaki tana haɗa wannan iri aure da wancan. In 'ya'yan suka tsiro sai ta tsinki ganye ta busar ta aika masa, shi kuma ya sa a na'urorin cibiyarsu ya gaya mata waɗanda suka gaji jurewa fari da waɗanda suka gaji lalaci. A haka, damina bayan damina, har Allah ya ba su wani wake gajere, mai tsayuwa da ƙafarsa ba ya yaɗo, mai nuna da wuri, wanda ko ruwa ya ɗauke ana tsakiyar aiki sai ya ba da abin sawa a buhu. A takarda lamba ce sunansa, amma a bakin mutane waken Dakta ne.

Yanzu cibiyoyin da suka yi haɗin gwiwa a kan binciken wake, na ƙasashe daban-daban, za su zauna su zaɓi iri ɗaya da za a yawaita a raba wa manoma. Waken Dakta na cikin na gaba-gaba. Sikeli ya riga ya yi magana, saura bakin manoman da suka gwada shi, kuma don wannan Farfesa ya zo, wai yana so ya ji da kunnensa. Dakta tana son a zaɓi wakenta, so na gaske, irin wanda ba ta iya ɓoyewa ko a fuska.

Da hantsi suka isa gonakin. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, manoman sun jeru, har da mahaifin Dakta, wanda ita da kanta ta kai masa irin farkon damina. Farfesa ya hana kowa yi masa tafinta. Ya cire malafarsa, ya tsuguna gaban na farko, gwiwoyinsa suna ƙara, ya karanto tambayar da ya haddace.

“Malam, yaya ka ga sabon wake?”

Mutumin ya dubi Dakta, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. “To... ba laifi.”

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wata dattijuwa ta ja nata har sai da numfashinta ya kusa ƙarewa: “Baaa laifi dai.” Farfesa ya koma gefe ya daddanna wayarsa, sai ga fuskarsa ta washe. Wayar ta gaya masa laifi shi ne aibu, kalmar “ba” kuma ita ce ke kore shi. Ya dawo yana ɗaga hannu sama.

“Babu aibu!” ya ce da Dakta cikin harshen da suke aiki da shi. “Kin ji? Na yi yawon gonaki a ƙasashe da yawa, ban taɓa ganin irin da manoma suka haɗa baki suka ce ba shi da aibu ko ɗaya ba. Kullum sai an ce ya yi tauri, ko ya yi ƙanana, ko launinsa bai yi ba.”

Dakta ta matso za ta yi masa bayani. A lokacin kuma layi ya zo kan Baba. Yana zaune ya miƙe ƙafa, carbinsa a hannu. Bai sosa ƙeya ba, bai dubi ƙasa ba, bai kuma dubi 'yarsa ba. Ya ce, “Ba laifi,” kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

Nan gizo ke saƙar, domin ba laifin kowa Dakta tana iya karanta shi, ban da na Baba. Ranar da ta zo ta ɗaya a makaranta, ba laifi ya ce. Ranar da ta dawo da digirin da ya sa ake ce mata Dakta, ya juya kwalin gaba da baya ya ce ba laifi. Da ta haifi ɗanta na fari aka miƙa masa, ya daɗe yana kallon yaron, ba laifi. Kuma da bakin nan nasa ya ce ba laifi ranar da aka ba shi shayin da aka zuba wa gishiri a madadin sukari. Ta girma, ta yi aure, furfura ta fara leƙo mata, amma har yau in ya faɗi kalmar nan sai ta ji ta koma yarinya mai jiran sakamako.

Da suka koma cibiya ta wuce ofishin Darakta kai tsaye. Fanka na juyawa a hankali, shi kuma yana fama da tarin takardu. Ta gaya masa yadda aka yi. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

“Wato Lafiya Lau ya haɗu da Ba Laifi,” ya ce. “Ai sun dace.”

“Yallaɓai, abin ba na dariya ba ne. Haka zai je ya faɗa a taro.”

“To, ke kika sa masa magana a baki? Su suka faɗa, shi ya ji. Ƙarya aka yi?” Ya mayar da tabaransa, ya sassauta murya. “Dakta, wakenki yana da kyau, ni shaida ne. Bara da ruwa ya yanke, wa ya tsira in ba shi ba? In aka zaɓe shi, haɗin gwiwar nan ya zauna da gindinsa a cibiyar nan, ɗalibanki su samu wurin ƙaro karatu, a gyara miki ɗakin ragar da kike ta kuka a kai. Mutanenmu kuma kin san halinsu, ko zuma ka ba su ba laifi za su ce.”

Bai faɗi abin da ba haka ba, shi ya sa maganar ta zauna mata. Ta fito tana cewa a ranta wataƙila kawaici ne kawai irin na manya, wataƙila ita ce mai neman aibu inda babu. Har ta fara jin sanyi a zuciya. Sai dai ba laifin dattijuwar nan mai tsawo ya ƙi barin kunnenta.

Ranar da babu aiki ta shirya ta tafi gidan iyayenta. Baba ya fita. Mama na tsakar gida tana wanke kwanuka, awakinta a ɗaure a turke can gefe. Bayan sun gaisa, Dakta ta ce bari ta ɗauko kujera, ta shiga ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da kicin. Ba kujera ta kai ta ba. A nan Baba yake ajiye irin da zai shuka baɗi, a cikin kwalabe da jarkoki, kowanne an toshe bakinsa tam. Tun tana ƙarama ta san tsarinsu: masara a sama, gyaɗa a tsakiya, wake a lungu inda rana ba ta kaiwa. Ta ɗaga kwalaben waken ɗaya bayan ɗaya tana hasko su a bakin ƙofa. Duk tsohon wakensa ne, mai yaɗo, mai ɗigon baƙi a ido, wanda ya gada daga mahaifiyarsa. Ta taɓa roƙonsa ya ba ta kaɗan ta sa a bincike, ya ce waken uwarsa ba zai hau jirgi ba. Nata kuwa, farin nan sumul, ko ƙwaya ɗaya bai ajiye ba.

Manomi yana iya yabon iri don kunya, amma ba ya ajiye shi don kunya.

“Kujerar ce ta yi nauyi?” Mama ta ɗaga murya daga waje.

Dakta ta fito hannu wofi ta zauna a bakin tabarma. “Mama, ina wakena?”

“Mun ci, mun sayar da saura. Ya yi albarka kam, ba a magana. Lokacin da kowa ke jiran nasa ya nuna, mu tukunyarmu na kan wuta.”

“Amma Baba bai ajiye iri ba.”

Mama ta ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita tas. Can ta nuna turke da haɓa. “Dubi waɗancan.”

Dakta ta duba. Awakin sun rame, ƙashin bayansu a fili, ɗaya tana ta tauna igiyarta.

“Wakenki ya ciyar da mu, bai ciyar da su ba,” in ji Mama. “Kafin a gama tsince shi ganyen ya zube, sai 'yan tsinke a tsaye. Na kakarki kuwa, in an kwashe 'ya'yan, a naɗe harawa a jibge a kan rufi, su ci har ruwa ya sauka. Bana babanki ya ba naki rabin gona, harawar ta ƙare tun rani bai yi nisa ba. Waɗannan kuwa su ne asusuna, in ciwo ya zo ko wata hidima, su nake kallo.”

“To me ya hana ku gaya mini?”

“A gaban baƙo? Mutum ya taso daga uwa duniya, yana ta washe baki, ke kuma kina tsaye kamar za ki yi kuka don murna. Wa zai kunyata ki? Ai sun gaya miki. Ba laifi suka ce, ko ba ki ji Hausa ba ne yanzu?”

Dakta ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sun auna nauyin ƙwaya, sun auna saurin nuna, sun auna jurewa fari da ƙwari. Harawa tana cikin abin da suke dubawa a da, ita ce da kanta ta ce a bar ta tukuna a fara cika ciki. Ta ji haushin kanta, ta ji tausayin awakin, ta kuma ji wani son zuciya yana raɗa mata cewa ba kowane manomi ke da akuya ba. Amma ta san ƙasashen da za a kai irin nan, ta taka gonakinsu, kuma ba ta tuna gida ɗaya da ta shiga babu turke ba.

Washegari da safe ta sami Farfesa a ɗakin raga, ya sunkuya yana leƙen fure, malafarsa tana gogar ragar sama. Wurin da ɗumi, yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta jawo benci ta ce ya zauna, yau ita ce malama.

“Farfesa, yaya ka ga shayin da ake kawo maka a masauki?”

Ya yamutsa fuska, sannan ya tuna shi baƙo ne. “Ana iya sha.”

“To, wannan shi ne ba laifi.”

Ya gyara zama yana kallonta.

“Wayarka ba ta yi ƙarya ba, rabin gaskiya ta gaya maka. Akwai ba laifin da ake faɗa da sauri, kai a sama, ana kallonka. Wannan yabo ne, mai shi ba ya son ya cika baki ne kawai. Akwai kuma wanda ake ja, ana kallon ƙasa, ana sosa ƙeya. Wannan ma'anarsa na gode da ɗawainiya, amma kada a ƙaro.”

“Su kuma wanne suka yi?”

“Ka tuna dattijuwar nan?”

Ya tuna. Ya kwaikwayi muryarta a hankali, baaa laifi dai, sai ya dafe goshi. Ta gaya masa batun kwalaben Baba da awakin Mama, ba ta rage komai ba. Tana magana tana jin kamar da hannunta take tuge shukar da ta raina.

Farfesa ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Can ya yi wata 'yar dariya. “Muna da irin wannan kalmar a harshenmu. Matata ta yi ta faɗa mini ita a kan wata rigar sanyi da na saya mata, sai da muka yi jikoki na gane ba ta taɓa sa ta ba.” Ya juya malafar a hannunsa. “Kin san abin da zai biyo baya? In na faɗi wannan a taro, na wata cibiyar za a ɗauka. Nasu bai kai naki jurewa fari ba, amma yana da ganye. Naki sai an koma an haɗa shi da mai yaɗo, a sake tacewa. Damina nawa ke nan? Ni kam ban san ko ina bakin aiki ba lokacin.”

“Na sani.”

“Da kin yi shiru, da ban taɓa ganewa ba.”

“Da awaki sun gane,” ta ce.

Tare suka rubuta abin da za a faɗa a taron. Darakta da ya ji, ya kalle ta ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirye ta, amma ya sa hannu. Aka yi taro, aka zaɓi irin wata cibiyar, aka ce waken Dakta ya koma ɗakin raga a ƙara masa ganye, haɗin gwiwar kuma zai ci gaba a kan haka. Ta taya waɗanda suka samu murna da baki mai daɗi. Da ta koma ofis ta rufe ƙofa, ta yi kukanta ita kaɗai, ta wanke fuska, ta fito ta ci gaba da ban ruwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba ta yi da-na-sani ba.

Matsalar da ta rage ita ce mai yaɗon da za a haɗa da shi. Waɗanda ke ajiye a cibiyar duk ta gwada su a baya, wasu ganye ba ƙwaya, wasu kuma ƙwari sun fi son su fiye da mutane.

Ana gobe Farfesa zai tafi, da la'asar sakaliya, mai gadi ya leƙo ɗakin raga ya ce wani dattijo a kan babur yana nemanta, ya ƙi faɗin sunansa, ya ce a ce mata mai awaki ne. Kafin ta miƙe har Baba ya shigo. Tun da ta fara aiki a cibiyar bai taɓa tako ƙafarsa ba. Ya tsaya yana bin tukwanen da kallo, layi-layi, kowace da ɗan katinta, ya taɓa wani ganye da bayan yatsa. Farfesa na can ƙarshen layi, ya ɗaga hannu ya ce lafiya lau tun ba a gaishe shi ba.

Dakta ta durƙusa ta gaida mahaifinta.

“Uwata,” ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, “na ji an ce kin janye wakenki.”

“Ba janyewa ba ce, Baba. Gyara za a yi.”

“Da bakinki kika gaya wa dogon can?”

“Da bakina.”

“Ba wanda ya matsa miki?”

“Babu.”

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro kwalba, bakinta a toshe da tsumma, cike da wake mai ɗigon baƙi a ido. Ya riƙe ta ɗan lokaci kafin ya miƙa.

“Na uwata ne. Ban hana ki don rowa ba. Na ga kuna ta sauri ne, na ce kada a kai shi inda za a aske masa ganye a dawo mini da shi tsirara. Yanzu kam ki haɗa su. In sai ya hau jirgin, ya hau.”

Ta karɓa hannu biyu. Kwalbar da ɗumin jikinsa. Ta so ta yi godiya, sai ta ji wata tambaya ta riga godiyar fitowa, tambayar da ta daɗe a maƙogwaronta tun tana 'yar makaranta.

“Baba, abin da na yi, ya yi?”

Bai sosa ƙeya ba. Bai dubi tukwane ba, bai dubi carbinsa ba. Ya ɗaga kai ya dube ta cikin ido, abin da ba ta saba gani ba, ya faɗa da sauri kamar mai tsoron kada wata kalmar ta kufce masa.

“Ba laifi.”

Ya juya ya nufi ƙofa, yana faɗa wa mai gadi cewa ragar nan tasu ta yage ta gefen yamma, ko ba su da ido ne.

Farfesa ya matso a hankali, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. Da Hausarsa ta waya ya yi tambayar.

“Dakta, wannan wanne ne?”

Ta dai gyaɗa masa kai tana murmushi, hawaye na bin kuncinta. Sannan ta zare tsumman, ta zuba waken kakarta a tafin hannu, ta fara ware waɗanda za ta shuka.